Tulunan da Aka Sauke Daga Jirgi

A wani gari na bakin kogin Kwara, cikin ƙasar Yawuri, an yi wani Sarkin Ruwa mai suna Arzika. Mutumin kirki ne, amma in ya kafe a kan magana, turken ɗaure jirgi ya fi shi saurin girgiza. Ɗansa namiji ɗaya ne, Labbo, wanda a shekarar aka ba shi jagorancin jiragen masunta, za su ratsa tafki su bi kogi har inda ya faɗa teku. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa zuwa can.

Ranar tafiya da hantsi, uwar Labbo, Tumba, ta sa aka jera manyan tuluna cikin jirage, don wata mai fataucin banda ta gaya mata ruwan can ba ya shawuwa. Sarki na isowa ya haɗe fuska.

Ya ce, "Tumba, so kike a yi da ni a kasuwa? Basarke, jikan masunta, ya hau ruwa, ya kuma ɗauki ruwa? Tun kakanninmu ƙwarya muke miƙawa gefen jirgi mu sha. A sauke su."

Aka sauke. Jirage suka tafi, Tumba ta koma gida tana share hawaye da gefen zane.

To, akwai wani tsohon zalɓe da ke tsayawa a mashigar garin, Allah ya ba shi baki, ga tsiwa. Duk shekara yakan bi kogin har teku ya dawo, kuma wasa suke yi da Sarki kamar taubasai. Ya dubi tulunan a kan yashi, ya ce, "Ranka ya daɗe, na ga ka yi wa ɗanka guzuri irin na Magawata."

Sarki ya ce, "Wane ne kuma Magawata, kai mai ƙafa kamar tsinke?"

Zalɓe ya ce, "Zauna ka ji. Jiragen ba za su wuce zangon farko yau ba, akwai sauran lokaci." Ya naɗe ƙafa ɗaya, ya soma.

Magawata masunci ne a wani gari gaba da nan, gwanin filafili, ba a taɓa jin jirgi ya kife da shi ba. Wata shekara ya ɗauki abokansa biyu, Nomau da Gado, suka nufi teku. Sun sha iska a tafki, jirgi na tsalle suna kwarfe ruwa da ƙwarya. Da suka faɗa kogi tafiya ta yi daɗi. Da la'asar su sami tudun yashi su ja jirgi, su kafa rumfar tabarma, Gado ya haɗa duwatsun murhu ya tuƙa tuwo, Nomau ya gasa tarwaɗa. Inda duwatsu suka tare hanya su sauke kaya su ja jirgi da igiya. Ƙishirwa kuwa ba su san ta ba, hannu kawai ake miƙawa.

Kwanci tashi ƙasa ta sake. Kogi ya rarrabu ya zama hanyoyi barkatai, suka fara ganin wasu itatuwa tsaye a kan saiwoyinsu cikin laka. Wata safiya Nomau ya ɗebo ruwa ya kurɓa, ya furzar.

Ya ce, "Magawata, ruwan nan da gishiri."

Magawata ya ce, "Bakinka ne. In ma da shi, gaba zai gyaru."

Gado ya ce, "Ruwa dai ba ya tsami banza. Mu koma baya kaɗan mu ɗebi mai daɗi."

Magawata ya ce, "A cikin me? A hula?" Suka yi dariya, suka ci gaba.

Gaba ba ta gyaru ba. Tuwon da suka tuƙa da ruwan ya ƙi ciwuwa. Da suka so komawa, hanyoyin duk sun zama iri ɗaya, ruwan ma sai ya tafi ya dawo, ba a gane ina ne sama ina ne ƙasa. Washegari harshe ya bushe. Gado ya kasa haƙuri ya ɗirki ruwan, ya yi ta amai, daga nan ya kwanta a cikin jirgi yana kiran sunan uwarsa. Magawata ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba. Ga ruwa dama, ga ruwa hagu, ga mutum yana mutuwa da ƙishirwa.

Can da azahar Nomau ya hango hayaƙi. Suka tuƙa da ɗan ƙarfin da ya rage, suka tarar da bukka a kan dirkoki, da wata tsohuwa tana bandar kifi. Kallo ɗaya ta yi musu ta gane. Ta buɗe randar ruwan sama, ta riƙa ɗiga wa Gado kaɗan kaɗan har ya buɗe ido, sannan ta ba sauran. Magawata ya sha, ya zauna a ƙasa, ya yi ta hamdala hawaye na zuba. Da hankalinsa ya dawo sai kunya ta rufe shi, ya sunkuyar da kai.

Tsohuwar tana jin Hausa, ta koya wurin fataken kifi. Ta ce, "Ɗana, ɗaga kanka. Ba kai ka fara ba. Bari in ba ka labarin Timi, mutumin garinmu."

Ta ce, Timi ya cika jirgi da ayaba, ya hau kogi zuwa ƙasarku da rani. Wata rana jirginsa ya hau yashi ya zauna daram. Mutanen wurin suka zo za su tura masa, ya ce su bari, ba ya son wahalar da kowa, ruwa zai dawo da yamma ya ɗaga shi. Ka san a nan haka ruwanmu yake, ya janye ya dawo kowace rana. Suka ce masa, "Baƙo, ruwan nan sai damina." Ya ɗauka ba'a ce. Ya kishingiɗa yana jira. Yamma ta yi, gari ya waye, ruwa sai ƙara janyewa yake. Kwana da kwanaki yana nan, ayaba ta nuna, ta ruɓe, ƙudaje suka kewaye shi kamar fadawa. Daga ƙarshe matan da ke wanki ne suka gaji da wari, suka taru suka tura shi, suna dariya har da riƙe ciki.

Tsohuwa ta ce, "Timi ya san ruwa, kai ma ka san ruwa. Amma kowa ruwan garinsu ya sani. Baƙo ko da ido makaho ne."

Ta ba su tulu, ta nuna musu hanya. Ta ce in sun sake zuwa su riƙa ɗanɗana ruwa kowace safiya, kuma su cika tulunansu tun kafin su ga itatuwan nan masu tsayuwa a kan saiwa. Da Magawata ya isa gida da tulu ɗaure a goshin jirgi, mutane suka yi ta yi masa dariya. Ya ce, "Ku yi abinku, ai sai mai yawu a baki ke dariya."

Zalɓe ya sauke ƙafarsa, ya dubi Sarki. Ya ce, "Ranka ya daɗe, Magawata hayaƙin tsohuwa ne ya cece shi. Ni kuwa na bi ta wurin bara. Bukkar ta rushe, randar ta fashe, babu kowa."

Sarki Arzika ya sake duban tulunan da ke kan yashi. Ya miƙe, ya tuɓe babbar riga, ya sunkuya ya ɗauki tulu da hannunsa ya sa a jirginsa. Mutane suka ruga za su karɓa, ya ce su ɗauko sauran. Rabonsa da filafili an yi shekaru, amma ranar ya tuƙa har kafaɗunsa suka yi tsami.

Rana na shirin faɗuwa suka tarar da ayarin a wani tsibiri cikin tafki, an kafa rumfuna, tukunya na kan wuta. Labbo ya taso da sauri.

Ya ce, "Baba, lafiya? Ko Inna ce?"

Sarki ya ce, "Lafiya lau. Uwarka ta fi ni gaskiya, shi ne na kawo muku kayanta." Ya gaya musu maganar ɗanɗana ruwa da ta itatuwan, ya sa Labbo ya maimaita. Wani daga cikin masuntan ya kau da kai yana murmushi, Sarki ya ce, "Yi dariyarka, Namata. Ka dai yi mini alkawarin za ka dawo da rai ka sake yin ta a gabana."

Washegari da ya komo, Tumba na tsaye a mashiga tun asuba. Ta leƙa jirgin ta ga babu tulu ko ɗaya, sai ta zauna a kan yashi ta sauke ajiyar zuciya. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Yau zan ci abinci."

Sarki ya zaɓi ƙarfasa mai ƙiba ya jefa wa zalɓe. Ya ce, "Na ji, na kuma yarda. Sarautata ta ruwa ce, amma iyakarta inda ƙwaryata ta taɓa ɗiba."

Zalɓe ya haɗiye kifin, ya ce, "Da ka faɗi haka jiya, da kafaɗarka ta huta."

Bayan watanni jirage suka dawo, ba a rasa mutum ko ɗaya ba. Labbo ne a gaba, ya yi baƙi ya rame, da tulun uwarsa ɗaure a goshin jirgi. Babu wanda ya yi dariya sai Namata, shi ma don ya cika wa Sarki alkawari ne.