Na'urar Mamuda da Ɗakin Maijego

Masu ba da labari sun ce a Jos an yi wani magidanci, Mamuda, wanda ya kafa na'ura a bangon gidansa. Ita ke kunna sanyi ko ɗumi da kanta, daidai yadda ta ga sun saba.

Da matarsa ta haihu, gwaggonta, Gwaggo Delu, ta zo jego. Ta hura garwashi a kasko ta kai ɗaki. Na'ura ta ji zafi, ta saki sanyi. Gwaggo ta ƙara gawayi, na'ura ta ƙara sanyi, har maijego ta kama kyarma.

Gwaggo ta ce, "Gobe zan tafi da 'yata wankan gida. Aljanin bangon nan ya ci kansa!"

Hankalin Mamuda ya tashi. Ya garzaya wurin mahaifiyarsa ya ce, "Inna, abin nan ya fi mu lissafi, bai kamata a taɓa shi ba."

Inna ta ce, "Zauna, sarkin lissafi, ka ji hikayar Tanko mai jaki. Jakinsa ya san hanyar kasuwa, har Tanko kan yi gyangyaɗi a bisansa. Ran nan aka aike shi kiran ungozoma, ya hau, ya rufe ido. Bai farka ba sai gaban rumfarsa. Ya ɗaga sanda zai doki jaki, wata mai fura ta ce, 'Dakata, Malam, ka ji labarin Jatau mai ban ruwa. Uban gidansa ya ce ya riƙa shayar da lambu kowace safiya, ya yi tafiyarsa. Damina ta sauka, Jatau bai fasa ko rana ɗaya ba, albasa ta ruɓe. Uban gida ya dawo yana faɗa, Jatau ya ce, ranka ya daɗe, ka aiko da wata magana ne na ƙi? To kai ma, ka juya akalar ne ya ƙi?' Tanko ya sauke sanda, ya juya jaki, ya kai ungozoma a kan lokaci."

Inna ta dube shi. "Kai fa, ka gaya wa na'urarka an haihu a gidan?"

Mamuda ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi ban gaya mata ba, Inna. Na ji, na ɗauka."

Ya koma gida, ya durƙusa ya gai da Gwaggo, sannan ya latsa waya, ya umarci na'ura ta riƙe ɗakin maijego da ɗumi har arba'in. Kafin a idar da La'asar ɗaki ya yi ɗumi, babu hayaƙi, jariri ya shiga sharar barci.

Gwaggo ta fitar da kasko da hannunta, ta kwance ƙunshin kayanta. Ta tsaya gaban bango ta ce, "Alhamdulillahi, ashe kana jin magana. Mamuda, ce masa nawa ɗakin ma, ƙafata na ciwo."