Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

Akwai wani mai maganin gargajiya a Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina, ana ce masa Haruna Mai Lasifika. A shekarun da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, babu kasuwar da ba ta san muryarsa ba. A wurin Haruna, duk ciwon da ya sauka ƙasan cibiya basir ne, kuma maganinsa na cikin jarka a bayan motarsa.

Yayansa Malam Siddiƙ tela ne, ya haura hamsin, ga kunya kamar me. Wata rana bayan la'asar ya ja Haruna gefe, ya gaya masa ƙasa-ƙasa cewa yana ganin jini idan ya zagaya.

"Zaman keken ɗinki ne, Yaya," in ji Haruna. "Basir ne mai jini. Kofi guda da safe, guda da marece, ka bar yaji."

Maƙwabciyarsu Hajara ma'aikaciyar jinya ce. Da ta ji labari wurin matar Siddiƙ, ta yafa mayafi ta same su a zaure.

"Malam Haruna, don Allah ku kai shi a duba shi. Wani jinin daga hanji yake. In an gano da wuri, aiki ake yi a cire, mutum ya tashi."

Haruna ya kece da dariya. "Dattijo da gemunshi ya kwance wando gaban yaro, don kawai ya sa farar riga? Mi suka sani? Ni da na warkar da rabin Batagarawa!"

Siddiƙ ya sunkuyar da kai. Maganar ƙaninsa ta fi masa sauƙi, sai ya bi ta.

Aka shekara ana shan jiƙo. Jini ya ɗauke, ya dawo. Telan da ke yi wa gari ɗinki ya koma rage ƙugun wandunansa. Haruna ya ce ciwon ne ke fita, ya ƙara sassaƙe.

Ranar da cikin ya ɗaure gaba ɗaya aka kwashe shi asibiti, daga nan aka tura su Kano. Bayan gwaje-gwaje likita ya kira Haruna shi kaɗai.

"Ciwon dajin hanji ne, ya riga ya kai hanta. Yaushe ya fara ganin jinin?"

"Bara."

"Da baran kuka zo..." Likita bai ƙarasa ba.

Haruna bai yi kuka ba, bai ma ji komai ba. Ya fito ya sayi lemo a bakin ƙofa, ya zauna a benci yana riƙe da ledar har aka kira magariba.

Aka maida Siddiƙ gida. Kwana biyu kafin ya cika, ya kamo hannun ƙaninsa.

"Haruna, Allah shi saka maka. Shekara guda kana jiƙa mani magani ba ka gaji ba. Ba wanda ya yi ɗawainiya da ni kamar kai."

Duk mutanen ɗakin suka ce amin. Haruna ya buɗe baki, amin ɗin ta ƙi fita.

Darasi: Ba kowane jini ne basir ba, kuma kunyar minti biyar gaban likita ba ta kai maraicin 'ya'ya ba. In ka ga jini a bayan gida, ko rama babu dalili, ko shekaru sun fara ja, je a duba hanjinka tun da sauran lokaci. Ku tura wa iyayenmu da yayyenmu, su ne suka fi ɓoyewa.