Kofin da Aka Ajiye wa Mamaci

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan New York. Ba zan faɗi sunansa ba, don wasunku sun sha haɗa kafaɗa da shi a sahu. Daga zangon Kumasi ya zo, yana zaune a Soundview da matarsa Rafi'atu da 'ya'yansu mata biyu. Aikinsa kula da tsofaffi a gidajensu: ya yi musu wanka, ya ba su magani, ya juya su a gado. Kowa ya shaide shi da haƙuri.

Kamfaninsu ya haɗa shi da wani tsoho a Queens, Mista Helmut, jikan Jamusawa. Matar tsohon ta rasu, ɗansa guda yana wata jiha mai nisa, sai dai waya jefi-jefi. Shekara huɗu suka yi tare. Har tsohon ya san lokacin azahar, yakan rage muryar talabijin ya ce, "Je ka yi sallarka, ina nan." Shi kuwa mutumin namu, mahaifinsa ya rasu a Kumasi bai sami zuwa jana'iza ba saboda matsalar takardun zaman ƙasa. Sai ya ɗauki tsohon nan ya ajiye a gurbin uba. Wa zai ga laifinsa?

Abu ɗaya tsohon yake jira a mako. Kowace Lahadi da rana a tura shi a kekensa na guragu zuwa wani tsohon gidan dafa giya da ya haura shekara ɗari, inda mahaifin tsohon ya yi aikin wanke tukwane. Manyan tukwanen tagullan suna nan har yau, ga dogayen tebura na katako da suka yi baƙi don tsufa. Can ake gasa sosej irin na Jamusawa, wato niƙaƙƙen naman alade da ake ɗurawa a hanji, a kawo shi da kabeji mai tsami da giya a manyan kofunan gilashi.

Da farko mutumin ya ƙi. Da ya ga idon tsohon ya ciko, sai zuciyarsa ta karye, ya ce a ransa ai aiki ne. Shi yake yanka masa naman ƙanana-ƙanana. Shi yake tallafa masa kofin zuwa baki, don hannun tsohon rawa yake. Shi kansa dafaffen dankali yake ci, ya sha ruwa. Ku lura, tsohon bai taɓa ce masa ya ɗanɗana ba, ko sau ɗaya.

Wata safiya Mista Helmut ya cika, kansa na kan cinyar mutumin. Ɗan ya zo, ya sa gidan a kasuwa, ya yi masa godiya, ya koma. Babu wanda ya yi wa mutumin ta'aziyya. Wa yake yi wa ma'aikaci gaisuwar mutuwar wanda yake jinya? Rafi'atu ma cewa ta yi Allah ya kawo wani aikin mai albarka. Bayan kwana uku aka tura shi wani gida.

Ranar Lahadi ƙafarsa ta kai shi inda ta saba. Matar da ke kawo abinci ta gane shi, ta ji labarin, ta share hawaye. Ta je ta ciko kofin tsohon ta ajiye a gefen da keken yake tsayawa, ta ce don tunawa. Ya zauna yana kallon kumfar tana kwanciya, ya tashi ya tafi. Lahadi ta biyu ma haka. Ta uku sai ya jawo kofin, wai don ya ji ƙamshin da ya saba ji a jikin tsohon. Ya kurɓa. Ranar ya yi kukan da bai yi wa mahaifinsa ba, ya ji ƙirjinsa ya yi sauƙi, ya ɗauka magani ya samu.

Lahadi ta ja Laraba. Ya fara tauna kanumfari kafin ya shiga jirgin ƙasa ya koma gida. Naman da ya yi shekara huɗu yana yankawa bai taɓa ci ba, shi ma ya shiga bakinsa. Abokinsa Tamimu ya tambaye shi dalilin rashin ganinsa a Juma'a, ya ce aiki ne ya yi yawa, Tamimu bai ƙara tambaya ba.

Wata rana da azahar ya biya can kafin ya tafi gidan wata tsohuwa da aka ba shi. Ya zo ɗaga ta daga kujera zuwa gado, abin da ya yi sau dubu, ƙafarsa ta harɗe. Suka faɗi tare, ƙugunta ya karye. Masu motar asibiti suka ji warin bakinsa. Aka kore shi, aka soke takardar aikinsa.

Rafi'atu ta yi haƙurin shekara guda. Ranar da za ta tafi da yaran wurin yayanta a Columbus ta ce, "Baban Tahiratu, ban ƙi ka ba. Amma ba zan bari su saba da ganinka haka ba."

Watan jiya na gan shi a kan benci a titin Grand Concourse, ya rame, gemunsa ya yi fari. Bai roƙe ni komai ba. Tsohuwar nan ya tambaya. "Malam, ko ka ji ta taka?" Na san ba ta ƙara takawa ba. Na zauna kusa da shi.

Ya 'yan uwa, wannan ba ɗan sharholiya ba ne. Ta ƙofar tausayi Shaiɗan ya shigar masa, ta ƙofar baƙin ciki ya zauna. Shi ya sa addini bai tsaya ga hana shan giya kaɗai ba, ya hana zama a teburinta, ya hana miƙa ta. Wanda ya saba da wuri yana da ƙarfi, can zai koma ranar da ƙarfin ya ƙare.

Mu kuma fa? Mutum ya yi rashi a cikinmu, baƙuwa a gidan giya ce ta share masa hawaye, mu ba mu ko lura ba. Idan ɗan uwanka ya ɓace daga sahu, kada ka tsaya a amsar farko. Je ka ƙwanƙwasa ƙofarsa.

Allah ka dawo da bawanka nan, ka haɗa shi da iyalinsa, ka sassauta wa tsohuwar da ta jikkata. Allah ya kiyaye mu daga kai damuwarmu inda ba a warkar da ita. Amin.