Gauraka da Wejin Ciroma

An ce a wani zamani da bai yi nisa ba, an yi wani hakimi a Rafin Gora, ana kiransa Ciroma Badamasi. Bayan sha'anin mulki ba abin da yake ƙauna kamar ƙwallon lambu, wadda 'yan boko ke ce wa golf. Filin garin ba shi da lallausar ciyawa. Ƙasarsa fako ce mai tauri, kewayen kowane rami kuwa rairayi ne da aka cakuɗa da baƙin mai. Wani tsoho, Baba Jatau, shi ke share rairayin nan yana daidaita shi, shekara talatin ke nan.

Wata Asabar da hantsi Ciroma ya zo da sabon weji, wato guntuwar sandar nan mai kwantaccen baki da ake ɗaga ƙwallo da ita idan an matso kusa da rami. Weji ne mai faɗin gindi, surukinsa ya aiko masa daga ƙasar waje. Saura taki ashirin tsakaninsa da rami na tara, ya gyara tsayuwa ya buga. Gindin sandar ya daki fako ya yi tsalle, kaifinta ya sami ƙwallon a tsakiya. Maimakon ta tashi sama ta sauko a hankali, sai ta fita a miƙe kamar dutsen majajjawa, ta wuce ramin, ta sami Baba Jatau a goshi.

Tsohon ya zube zaune, jini na bin girarsa. Ciroma ya sandare. Da tsoro da kunya suka haɗu masa, sai suka fito a matsayin faɗa.

"Dubi aikinka!" in ji shi. "Ka bar fili ya ƙeƙashe kamar dandamalin siminti. Daga yau na sallame ka."

Baba Jatau ya ce, "Godiya nake, ranka ya daɗe." Ya dafe goshi da hularsa, ya ja jiki zuwa gindin wata maɗaciya.

Ciroma na tsaye shi kaɗai sai ya ji an ce, "Allah ya ja zamanin Ciroma. Ka kori mutum, ka bar mai laifin a hannunka."

Ya waiwaya, ba kowa sai wata gauraka tsaye da ƙafa ɗaya. Sandar ta suɓuce masa. "Innalillahi! Tsuntsuwa ce ke magana?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Shekara bakwai ina yin shiru a filin nan. Amma abin da ya same ka yau shi ya sami Barista Lantana, kuma ni ce na ɗauki asarar."

Ciroma ya ce, "Me ya sami Barista Lantana?"

Gauraka ta ce: "Wannan baiwar Allah ta koyi wasan ne a ƙasar da ciyawa ke lotsawa ƙarƙashin ƙafa kamar katifa. Ta dawo gida da weji irin naka, ba ta taɓa jin kunya da shi ba. Ranar da ta fara shiga filin nan, ni da mijina muna kiwo bayan rami na huɗu. Ta buga kamar yadda ta saba. Na ji wani fiit, na juya, sai ga mijina kwance, wuya a karye."

"Subhanallahi," in ji Ciroma.

"Ta ruga ta durƙusa a kansa, hannuwa a ka. Da ta dawo hayyacinta sai ta ce wanda ya sayar mata da sandar ne ya cuce ta, ta ɗaga za ta karya ta a gwiwa. Mai sharar rairayi ya matso ya ce, 'Hajiya, dakata. Kada ki yi irin ta Nomau da maƙeri.' Ta ce, 'Wane ne Nomau?'

"Ya ce: 'Wani manomi ne a ƙauyenmu. Maƙerin garin, Bagudu, yana da wata al'ada: ba ya ƙera wa kowa abin noma sai an kawo masa ƙasar gonar cikin tafin hannu. Ya murza ta, ya shinshina, sannan ya hura wuta. Nomau ya kawo masa baƙar ƙasar fadama, aka ƙera masa garma mai faɗin baki. Damina biyar tana shiga ƙasa kamar cokali cikin kunu. Sai ruwa ya cinye fadamar, Nomau ya koma tudu. Ranar farko ya ɗaga garma ya kafta wa fako. Ta yi tsalle ta dawo ta tsarge masa ƙwauri har ƙashi. Aka ɗauko shi a amalanke, ya ce a bi da shi ta maƙera. Yana ihu yana cewa, Bagudu, ka kashe ni! Bagudu ya shiga ciki ya fito da wani ƙullin tsumma, ya kwance. Ƙasar fadamar ce, ya ajiye ta. Ya ce, Nomau, wannan ka kawo mini. Wadda ta sare ka ban taɓa ganinta ba.'

"Mai sharar ya ce mata, 'Hajiya, sandarki ta fadama ce. Faɗin gindinta shi ke hana ta nutsewa a ciyawa mai laushi ko cikin ramin yashi. A kan fako kuwa ba inda za ta shiga, dole ta yi tsalle. Nan sai mai siririn gindi, ki sauke ƙwallon kafin rairayi, ki bar ta ta gangara da kanta. Kafin ki zaro sanda, fara taka ƙasar da diddige.' Ta yi shekara biyu tana wasa a nan, ba ta ƙara zubar da ko gashin tsuntsu ba. Ni dai mijina bai dawo ba."

Ciroma ya ce, "Wane ne mai sharar nan?"

"Ga shi can gindin maɗaciya yana tare jini da hula. Shi ya haƙa rami ya binne mijina. Shi ke barin ciyawar bakin kududdufi ba ya yanka, don in sami wurin fakewa. Shekara nawa kana wuce shi, ranka ya daɗe, ka taɓa tambayarsa wace sanda?"

Ciroma ya danna diddiginsa a ƙasa. Ko alama bai bari ba. Ya dubi wejin da ke yashe, ya dubi ɗigon jinin da ke kan rairayi.

Ya ɗauki jakar sandunansa da kansa ya nufi maɗaciya. Baba Jatau ya yunƙura zai tashi, Ciroma ya riga shi durƙusawa. Ya warware rawaninsa, ya yage gefe, ya ɗaure masa goshi.

"Baba, maganar da na yi ɗazu na janye ta. Ka yafe mini. Mota na zuwa a kai ka asibiti."

"Ba komai, ranka ya daɗe. Goshin talaka ya fi fakon nan tauri."

Ciroma bai iya dariya ba. Ya kwantar da jakar a gabansa ya ce, "In ka warke, wacce zan ɗauka?"

Tsohon ya dube shi da ido ɗaya, ɗayan ya kumbura. Ya miƙa hannu ya zaro wani tsohon weji mai siririn gindi, duk ya yi tsatsa, wanda Ciroma ya yi niyyar jefarwa.

"Wannan. Amma ka bari in matsa tukuna."

Gauraka ta sauke ɗaya ƙafar, ta koma bakin kududdufi. Daga ranar ba wanda ya sake jin ta yi magana, kuma ba a sake ba ta dalili ba.