Manomin da Ya Kai wa Tela Tsohuwar Igiya

Akwai wani manomi a wani ƙauye, yana da mata da 'ya guda, sunanta Afiniki. Mutumin nan ba mugu ba ne, ba ya sha, ba ya duka. Tattali ne da shi, irin tattalin da in ya sayi ashana sai ya zauna da reza yana tsaga kowane tsinke biyu.

A ƙauyen nan babu tela. Tela yana can kasuwar gari, tafiyar rabin yini, saboda haka ba a kai yara awo. Sai a samo igiyar rama a ɗora a jikin yaro, a yi ƙulli uku: na kafaɗa, na ƙirji, da na tsawo. Uba ya sa igiyar a aljihu ya kai, tela ya duba ƙulle-ƙullen ya san girman yaron.

Wata shekara da kaka, manomin ya ga rigar Afiniki ta ɗage mata. Ya kira ta ya auna, ya ƙara yatsa huɗu a kan kowane ƙulli domin girma, ya kama hanyar kasuwa.

Da mai yadi ya faɗa masa kuɗin atamfa, sai ya ja da baya kamar an nuna masa maciji. Mai yadi ya ce, "Bikin Kirsimeti ya matso, Baba. Ko'ina ka je haka za ka tarar."

Manomin ya yi gyaran murya, ya ce, "Ehem. Ba a gaggawa." Ya koma gida ya rataye igiyar a jikin ƙusa.

Bayan biki kaya suka sauko, ya je ya sayi atamfar da araha, ya dawo yana murmushi. Amma bai kai ɗinki ba, gama ya ji labari da damina teloli zaman banza suke yi, kome ka ba su sai su karɓa. Damina ta zo, noma ya riƙe shi. Kaka ta zo, teloli suka sake tsada. Ya ce, "Ehem. Ba a gaggawa." Sai a damina ta biyu ya ciro igiyar daga ƙusa, ya kaɗe mata yanar gizo.

Matarsa ta ce, "Baban Afiniki, da ka sake auna yarinyar nan."

Ya ce, "Na ƙara yatsa huɗu. Masara ce ita, da za ta yi ta tsawo kowane mako?"

Tela ya karɓi igiyar, allura a bakinsa, yana magana ta hanci. "Mmm, Malam, yaushe aka ɗauki awon nan?"

"Kwanan nan."

"Mmm. In bar kalmasa mai faɗi a ƙasa, in ta ƙara tsawo a warware?"

"Kalmasa cin yadi ce. Ɗinka yadda igiya ta ce, ka miƙo mini ragowar."

Tela ya ɗinka yadda igiya ta ce. Manomin ya kawo rigar gida, ya ninke, ya sa a akwati ya kulle.

Ana nan, sai malamar makarantar Lahadi ta zaɓi Afiniki ta ɗauki kwandon nunan fari, wato amfanin gona na farko, ranar godiyar kaka. Yarinya ɗaya ake zaɓa a shekara, ita ce za ta shiga gaba da kwandon a kai, dukan ikilisiya na biye da waƙa. Afiniki ta yi mako uku tana koyon tafiyar a tsakar gida da ƙwarya a kanta, tana tambayar uwarta ko rigar tana da aljihu.

Uwar ta ce, "Baban Afiniki, buɗe akwatin a gwada mata."

Ya ce, "A gwada ta yi datti? Sabulu kyauta ake ba ki?"

Safiyar ranar ta yi. Afiniki ta yi wanka, an yi mata kitso, an shafe ta da mai. Manomin ya buɗe akwati da kansa, ya ɗaga rigar sama domin kowa ya gani. Uwar ta dubi rigar, ta dubi 'yarta, ta dafe baki.

Aka zura mata rigar, kai ya shiga da ƙyar. Hannuwa suka shiga rabi suka tsaya a sama. Daga nan rigar ta ƙi gaba ta ƙi baya. Afiniki tana tsaye, fuska a rufe, hannuwa a miƙe, murya tana fitowa daga cikin atamfa: "Mama, ba na numfashi." Uwar ta ja, uban ya ja, sai suka ji ƙiiii, ɗinkin ya ɓarke daga hammata har ƙasa.

Manomin ya ce, "Telan nan ɓarawo ne. Ya saci yadina." Ya ruga ya ɗauko igiyar domin ya nuna musu. Ya ɗora a kafaɗar Afiniki, ƙullin bai kai ba. Ya zagaya ƙirji, bakin igiyar biyu suka ƙi haɗuwa. Ya sake ta tsaye, ƙullin da ya kamata ya sauka ƙwauri ya tsaya can saman gwiwa.

Sai ya miƙe ya dubi yarinyar. Ashe kanta ya kai kafaɗarsa. Igiyar ta faɗi daga hannunsa.

Ya ce a hankali, "Afiniki, yaushe kika zama haka?"

Ta ce, "Baba, ai kullum ni nake kai maka abinci gona."

Aka buga ƙararrawar majami'a. Malamar ta jira, ta aiko, ta sake jira, daga baya ta ɗora wa wata yarinya kwandon. Afiniki ta zauna a bencin baya cikin tsohon zanen uwarta, tana kallon wata tana yin tafiyar da ta koya. Uban kuwa har aka tashi bai buɗe baki ya yi waƙa ba.

To, ga ma'anar wannan misali. Tattali ba zunubi ba ne. Sayen yadi bayan biki hikima ce, ƙara yatsa huɗu hikima ce, barin kalmasa ma hikima ce da ya yarda. Inda manomin ya faɗi shi ne, ya san kuɗin atamfa a kowane wata na shekara, amma bai san tsawon 'yar da take miƙa masa tuwo kullum ba.

Igiyar ita ce sanin da muka yi wa mutanen da Allah ya danƙa mana. Mukan auna su sau ɗaya, mu rataye a ƙusa, mu ci gaba da yi musu magana kamar suna nan inda muka bar su. Rigar kuwa ita ce alherin da muke niyyar yi: zama da yaro a ji abin da ke damunsa, koya masa addu'a, ce masa "ka yi ƙoƙari". Muna ajiye shi a akwati sai ranar da zai zo mana da sauƙi. Yaro kuwa ba ya tsayawa jiran ranar. Ubanmu na sama bai yi mana haka ba, kowace safiya yana dubanmu yadda muke a ranar, yana ba mu abin da ya dace da mu.

Iyayen da ke zaune a baya a nan majami'a, na ga wasunku suna dariyar manomin nan. Ku yi dariyarku. Amma in an tashi, kafin ku kama hanya, kowa ya kira ɗansa ya tsaya kusa da shi, ya dube shi da kyau. In ka ji gabanka ya faɗi, kada ka ce masa sai gobe.