Binciken da Aka Jefa a Motar Dogo

Akwai wani mutum mai kula da mujallar da masana ke buga bincikensu. Edita kowa ke ce masa. Ba mugu ba ne, ba ya cin hanci. Aibinsa ɗaya, ƙyuyar neman mutane. Ƙa'idar aikin ita ce, in an kawo bincike a ba masana biyu su duba, a ɓoye sunan mai shi, a kuma tambaye su ko suna da aiki irinsa a hannu. Shi kuwa duk abin da ya shafi gona, abokinsa Dogo yake ba, don tare suka yi makaranta, kuma Dogo ba ya cewa a'a.

Wata malama ta kawo nata. Shekaru ta yi tana bin rumbunan manoma har ta gano yadda za a hana ƙwari cin hatsi ba tare da guba ba. A wurin aikinta an ce mata in shekara ta ƙare ba ta buga komai ba, za a sallame ta.

Ranar da Dogo ya zo shan shayi, Edita ya raka shi mota, ya jefa takardun a kujerar baya, da sunanta da komai.

"Ka ɗan leƙa mana wannan. Ƙwarin hatsi ne, fanninka."

Dogo ya yi dariya. "Kai dai kullum ni, kamar ni kaɗai na yi karatu a duniya."

Edita ya san Dogo ma a kan ƙwarin hatsi yake aiki. Bai tsaya ya yi tunani ba.

Shiru. Malamar takan zo ta zauna a bencin bakin ofis, jaka a cinya. "Yana hannun masana," yake ce mata. In ya kira Dogo, yau tafiya ce, gobe ciwon ido.

Ran nan ta shigo ba sallama, ta ajiye wata mujalla a teburinsa. Binciken da ke ciki dabararta ce tsaf, an dai sauya kalmomi. Sunan Dogo ne a sama.

"Malam, wa ka ba aikina?"

"Ba a faɗin sunan mai dubawa. Ƙa'ida ce."

"Yau ka tuna da ƙa'ida?"

Edita ya tashi ya tafi gidan Dogo, ya nemi takardun.

"Waɗanne takardu?" in ji Dogo. "Mutumina, tsufa ya fara taɓa ka. Zauna a kawo shayi."

Edita ya kai maganar gaban kwamitin mujalla. Suka tambaye shi, waye na biyun da ya duba? Babu. Wa ya ga lokacin da ka ba shi? Babu. Ka tambaye shi ko yana da aiki irin wannan? A'a. Suka ce Dogo babban masani ne, ba za a tuhume shi da baki kawai ba. Na malamar kuma ba zai bugu ba, tunda an riga an buga irinsa.

Edita ya buga waya wurin aikinta, ya je da ƙafarsa, ya rantse binciken nata ne. Suka saurare shi, suka ba shi haƙuri. Shekara ta ƙare, aka sallame ta.

Ta zo sau ɗaya bayan nan. Ba ta zauna ba.

"Ba faɗa na zo yi ba, Malam. Takarduna kawai za ka ba ni."

Ya jawo durowa, ya duba, ya mayar. Ba shi da abin ba ta. Ta dube shi, ta gyara jakarta, ta fita.

Darasin a fili yake. Wanda aka damƙa wa aikin wani ya kai wa masu dubawa, amana aka ba shi. Kada ya ba mutum ɗaya, kada ya ba wanda ke neman abin da mai aikin ya samo, ko da abokinsa ne, kuma kada ya miƙa a inda ba shaida. A bi ƙa'ida tun farko. Wanda ya tuna da ita bayan an yi ɓarna, ba abin da zai iya mayar wa wanda aka cuta.