Madubin Hangen da Orgil Ya Zaɓa Ba Tare da Mahaifinsa Ba

Akwai wani maharbi a nan Ulan Bator, babban birnin ƙasarmu, da ake kira Orgil. Shekara uku a jere shi ke lashe gasar harbin nesa da ake yi a kwarin yammacin gari, inda ake kafa farantan ƙarfe tun daga mita ɗari shida har zuwa dubu.

Harbin nesa aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana kwance da bindiga, ɗaya yana zaune gefensa da madubin hangen nesa, yana karanta iska, yana faɗa masa inda harsashi ya sauka.

Mai duba wa Orgil mahaifinsa ne, Baba Dashnyam, tsohon sojan kan iyaka mai shekara sittin da tara. Shi ya fara ɗora wa Orgil bindiga a kafaɗa.

Ana saura wata guda a yi gasa, iska ta kayar da tsohon madubinsu, gilashin ya tsage. Orgil ya tafi kanti shi kaɗai.

Mai kantin ya tambaye shi, "Wa zai riƙa dubawa da shi?"

"Babana."

"To ka zo da shi ya gwada mana. Yana sa tabarau?"

Orgil ya ce, "Ka ga, saye na zo yi, ba hira ba. Wanne ya fi jawo abu kusa?"

Mai kanti ya ɗauko wani ƙato. Ya ce wannan yana jawo abu kusa har ninki sittin, amma sai mutum ya manna idonsa a bakin madubin, mai tabarau zai wahala. Ya nuna masa wani matsakaici mai lanƙwasasshen wuya, ya ce bai kai wancan ƙarfi ba, sai dai yana nuna fili da faɗi.

Orgil ya yi dariya. "Wannan ai na masu kallon tsuntsaye ne. Naɗe mini babban."

Da yamma Baba Dashnyam ya kafa shi a tsakar gida, ya saita shi kan dutsen da ke bayan unguwa. Ya daɗe yana leƙe.

"Orgil, tabarauna yana karo da bakinsa. Kamar ta kafar allura nake gani."

"To ka cire tabarau ɗin, Baba."

"In na cire, komai sai ya rabu biyu."

"Za ka saba," in ji Orgil, idonsa na kan waya.



Ranar gasa aka tashi da rana mai zafi. Orgil ya kwanta, ya saita farantin mita ɗari takwas, ya ja kunama. Shiru, ba a ji ƙarar ƙarfe ba.

"Ina ya faɗa, Baba?"

"Ban gani ba, ɗana."

Ya sake harbawa. Tsohon ya cire tabarau, ya manna ido, ya ce yana jin kamar ta dama ne. Orgil ya gyara. Na uku ma ya tafi a banza.

Sai Orgil ya miƙe a gaban maharba sama da arba'in, ya ɗaga murya.

"Madubin da ya fi na kowa a filin nan na saya maka! In idon ne ya mutu ka faɗa mini, ka koma gida ka riƙa shan shayi!"

Baba Dashnyam ya mayar da tabaraunsa, ya ninke 'yar kujerarsa, ya koma bayan igiya inda 'yan kallo suke. Orgil ya kira wani abokinsa ya zauna a wurin.

A cikin maharban akwai wata likitar dabbobi mai suna Delgermaa, wadda ba ta taɓa shiga cikin goman farko ba. Mijinta ne ke duba mata. Ta zuba shayin madara mai gishiri daga fulas, ta je ta miƙa wa tsohon da hannu biyu.

"Kawu, sha ka jiƙa maƙoshi. In ba za ka damu ba, ka zo ka zauna wurinmu."

Mijin nata ya ce, "Kawu, ka cece ni. Tun safe ake yi mini faɗa. Ni da iska ba mu san juna ba."

Tsohon ya ɗan murmusa, ya bi su. Madubinsu tsoho ne, fentin jikinsa duk ya goge. Ya sunkuya da tabaraunsa a fuska, ya rage ƙarfin madubin, sai fili ya buɗe masa. Ya ga ciyawa tana kwanciya, ya ga kawalwalniya tana gudu daga hagu zuwa dama.

"'Yata, matsa hagu kaɗan. Jira. Jira tukuna. Yanzu."

Ta harba. Aka ɗan dakata, sai ga ƙarar ƙarfe ta iso daga can nesa.

Haka suka yi ta yi har la'asar. Delgermaa ta zo ta uku, karo na farko a rayuwarta.

Shi kuwa Orgil na goma sha huɗu ya zo. Suna haɗa kaya abokin nasa ya ce masa, "Gaskiya ni ma ban ga komai ba, kuma idona lafiya lau. Da zafin nan, komai tafasa yake yi a cikin madubin. Harsashi yana kauce wa faranti da taku ɗaya, ya fita daga inda nake gani."

Orgil ya tsaya da jakar bindiga a hannu, yana kallon madubin.

Washegari da hantsi ya je gidan iyayensa. Mahaifiyarsa ta ajiye masa shayi, ko kallonsa ba ta yi ba. Ya durƙusa a gaban tsohon.

"Baba, na yi kuskure. Ba idonka ba ne. Tashi mu je kanti ka zaɓa da kanka."

Baba Dashnyam ya ce, "Zan je in zaɓa maka mai kyau. Amma ka nemi wanda zai zauna gefenka."

"Baba..."

"Na yafe maka tun a fili, Orgil. Sai dai daga yau, duk lokacin da na ce maka hagu, zan ji tsoron bakina. Mai jin tsoro ba ya duba wa kowa."

Suka tafi kantin tare. Tsohon ya gwada guda biyar a bakin ƙofa, ya zaɓi matsakaicin nan mai lanƙwasasshen wuya.

Shekara biyu ke nan. Orgil ya canza masu duba masa har uku, bai sake cin gasa ba. Baba Dashnyam yana zuwa kowace shekara, ya tsaya a bayan igiya, in ɗansa ya sami faranti ya tafa masa. Amma bai sake zama a gefensa ba.

Darasi: Kafin ka yanke shawara a kan abin da wani zai yi aiki da shi, ka tambaye shi, kuma ka saurara. In abu ya ɓaci, ka fara bincika naka laifin kafin ka tozarta wanda ya ɗauke ka a kafaɗa. Ana iya yafe maka maganar da ka faɗa a bainar jama'a, amma ba lallai wurin ya koma yadda yake ba. Ka tura wa wanda iyayensa ke raye.